Wasan Kurket, Da Zancen Tsohuwar Gona Da Sabuwa

Wasan kurket ba ya cikin wasannin da yaran ƙasar Doguwa suka tashi suka tarar. Wanda ya taso daga Kano ya karya a Kwanar Ɗangora, ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore har ya faɗa Doguwa da Riruwai, zai ga filin ƙwallon ƙafa kusan a bakin ko wane gari. In kaka ta yi zai ji gangar kokawa, in farin wata ya fito zai tarar da yara suna langa a dandali. Amma da wuya ya ga an kafa turaku uku a tsakiyar fili, wani yana jifa, wani yana karewa da katako. Duk da haka wasan nan ya isa a san labarinsa, gama yana cikin wasannin da suka fi yawan masu kallo a duniya. Har wa yau kuma akwai wata gardama da ta dami shugabanninsa shekara da shekaru, wadda in an kawo ta gaban manomin Burji ko na Tagwaye, kafin a gama yi masa bayani ya riga ya gane inda ta dosa. Mutum ne ke da tsohuwar gona ta gado wadda ta soma gajiya, ga kuma daji a gabansa, ga taki kaɗan a hannu da ƙarfin damina ɗaya. Ina zai zuba su?

Kafin a shiga gardamar, ya kamata mai karatu ya san yadda a ke wasan. Ƙungiya biyu ce, ko wace mutum 11. A tsakiyar babban fili a kan daddale wuri mai tsawon yadi 22, a kafa turaku uku a ko wane ƙarshe, a ɗora 'yan ƙirare biyu a bisansu. Mai jifa ya sheƙo da gudu ya wurgo ƙwallo, nufinsa ya ka da turakun. Mai bugu yana tsaye a gabansu da katako mai faɗi kamar filafilin jirgin ruwa, shi kuwa nufinsa ya kare su, ya kuma maka ƙwallon nesa. In ya maka, sai su yi musayar wuri da gudu, shi da abokinsa da ke ɗaya ƙarshen, ko wace musaya a lissafa gudu ɗaya. In ƙwallo ya gangara har bakin fili a ba shi 4, in ya tsallake ta sama a ba shi 6. In aka ka da turakunsa, ko aka cafe ƙwallon kafin ya taɓa ƙasa, ya mutu ke nan, wani ya shigo. Sai an kashe mutum 10 sa'an nan ɗaya ƙungiyar ta karɓi bugu. Ƙwallon kuwa ɗan ƙarami ne kamar lemo, an rufe shi da fata, amma yana da tauri ƙwarai, gwanin jifa ya kan sako shi da saurin mil 90 a sa'a. Saboda haka mai bugu ya kan ɗaure ƙafafu da hannaye, ya sa kwalkwali, sai ka ce ɗan lifida.

Wasan iri uku ne. Akwai dogon wasa na asali, wanda a ke kira Tes, a kan kwana 5 ana yinsa, wani lokaci ma a tashi ba wanda ya ci. Akwai wasan yini, inda ko wace ƙungiya ke da jifa 300. Akwai kuma gajeren wasa mai jifa 120, wanda a ke gamawa cikin sa'a 3 ko fiye kaɗan. Wannan shi ne auta, a Ingila aka ƙago shi cikin 2003, shi ne kuwa ya zo ya birkice gidan duka.

Asalin kurket daga Ingila ne, ya bi jiragen ruwan Turawa zuwa ƙasashen da suka mallaka. An yi Tes na farko a birnin Melbon cikin 1877, tsakanin Ingila da Ostireliya. Cikin 1909 ƙasashe uku, watau Ingila da Ostireliya da Afirka ta Kudu, suka kafa majalisar wasan. Cikin 1926 suka buɗe ƙofa ga Indiya da Niyuzilan da Wes Indis. Pakistan ta shiga cikin 1952, Siri Lanka 1981, Zimbabuwe 1992, Bangaladash 2000, sa'an nan Afganistan da Ayalan 2017. Su 12 ɗin nan su ne 'yan gida, su kaɗai ke da izinin buga Tes. Sauran ƙasashe fiye da 90, har da Nijeriya wadda aka ɗauka cikin 2002, suna zaure ne, ana kiransu abokan tarayya.

To, a nan ne labarin ya shafi ƙasar Hausa. A lissafin majalisar nan, Arewacin Nijeriya sabon daji ne da a ke so a sare. Alhali kuwa saura ce, watau gonar da aka taɓa nomawa aka bari. Tun cikin 1904 aka yi wasa tsakanin Ikko da Gwalkwas, wadda a yau a ke kira Gana. A Arewa kuma, da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922, kurket yana cikin abin da malamai Turawa suka koya wa 'yan makaranta. A nan ne Ahmadu ɗan Rabah, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, an kuwa san shi da son kurket da wasan fayis. A nan Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi nasu karatun. Kwalejin ta koma Kaduna cikin 1938, ta sake komawa Zariya cikin 1949, ita ce Barewa ta yau. Ashe ke nan waɗanda suka karɓi mulkin ƙasar nan cikin 1960, da yawansu sun san yadda a ke riƙe katakon bugu. Wani abin lura, filin kurket na Ikko yana manne da dandalin da aka sa wa sunan Tafawa Ɓalewa.

Me ya sa wasan da manya irin waɗannan suka buga ya ɓace wa jikokinsu? Amsar tana fitowa in an dubi 'yan'uwansa da suka zo tare. Wasan ƙwallon doki ya sami uban gida, gama Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya karɓe shi hannu biyu, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya shahara a cikinsa, ga shi dama ƙasar dawaki ce. Wasan fayis, wanda a ke buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, bai nemi kome ba sai bango uku da ƙwallon tanis, magini kuwa ba ya wuya a ƙasar Hausa. Saboda haka ya fita daga makaranta ya shiga gari, har yau ana yinsa a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi. Ƙwallon ƙafa ba sai an faɗa ba, ko tsumma aka dunƙule ya wadatar. Kurket shi kaɗai ya zauna cikin shingen makaranta. Katakonsa daga wani itace a ke sassaƙa shi wanda ba ya tsirowa a nan, ƙwallonsa daga ƙetare a ke sayowa, malaminsa baƙo ne. Da baƙi suka koma gida, katako ya tsage ba a sami madadinsa ba, ciyawa ta rufe dandamalin jifa, sai aka kafa ragar ƙwallon ƙafa a wurin. Ba wanda ya hana wasan, ba wanda ya yi gaba da shi. An dai daina zuba masa taki, shi ke nan. Abin da ya rage sai ɗan ɓurɓushi a Kaduna da Zariya da wasu 'yan makarantu.

Mutanen Riruwai sun san irin wannan a zancen kuza. Sana'ar da ta dogara ga injin baƙo da kasuwar baƙo, ranar da farashi ya faɗi sai manyan ramuka su zama kufai, a bar masu tono da hannu.

Amma ɓurɓushin nan bai zama banza ba. A zamanin da Farfesa Yahaya Ukwenya, likitan fiɗa na asibitin jami'a a Zariya, ya ke shugabancin hukumar kurket ta Nijeriya, samarin ƙasar nan 'yan ƙasa da shekara 19 suka sami shiga gasar duniya karo na farko. An yi gasar a Afirka ta Kudu cikin 2020. Sun sha kashi a hannun Ostireliya da Wes Indis da Ingila, ba wasan da suka cika gudu 70 a cikin ukun nan, amma sun ci Jafan kafin su dawo. Cikin Janairu 2025 kuma 'yan matan Nijeriya suka je Maleshiya, suka ka da Niyuzilan da gudu 2 kacal, ƙasar da ta yi kusan shekara 100 tana cikin 'yan gida. Wanda ya ji wannan ba zai ce yaɗa wasan ɓarnar dukiya ba ne.

Masu son a yaɗa suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce wasan da ƙasa 12 kaɗai ke yi bai isa a kira shi na duniya ba. Sun nuna Afganistan, wadda yaranta suka koyi wasan a sansanin gudun hijira a Pakistan, ga shi cikin 2024 ta ci Ostireliya har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta gajeren wasa. A gasar nan ƙasa 20 suka shiga, har da Yuganda, Amurka kuma ta ka da Pakistan, duniya ta yi ta mamaki. Sun kuma tuna wa 'yan gida rowarsu. Gasar duniya ta wasan yini ta 2007 ƙasa 16 ta ɗauka. Sai Bangaladash ta ci Indiya, Ayalan ta ci Pakistan, manyan nan biyu suka koma gida tun zagayen farko, masu tallace-tallace a talabijin suka tafka hasara. Maimakon a yi murna ƙanana sun girma, sai aka rage gasar zuwa ƙasa 14, daga baya ma zuwa 10 cikin 2019 da 2023. Ƙane ya ka da wa a kokawa, aka ce gobe kada ƙanne su shigo fage.

To, amma a juya a dubi tsohuwar gona. Wes Indis ba ƙasa ɗaya ba ce. Tsibirai ne na tekun Karebiyan, kamar Jamaika da Barbados da Tirinidad, da kuma ƙasar Gayana, suka haɗa ƙungiya guda, duka jama'arsu ba ta kai ta Jihar Kano ba. Yawancinsu jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka ta Yamma aka kai noman rake. Sun koyi wasan daga iyayen gijinsu, suka zo suka fi su. Sai cikin 1960 aka yarda baƙin mutum, Frank Worrell, ya zama madugun ƙungiyar sosai. Su suka ci gasar duniya ta farko cikin 1975, suka maimaita cikin 1979, a ƙarƙashin Clive Lloyd. Daga 1980 har 1995 ba ƙasar da ta rinjaye su a jerin wasannin Tes. Shekara 15! A lokacin nan baƙar fata a Landan ko a Soweto in ya ji Viv Richards ya fito bugu, ya kan ji kamar kansa ya ƙara tsawo. Cikin 2004 Brian Lara ya yi gudu 400 shi kaɗai ba a kashe shi ba, ba a taɓa yin haka a Tes ba.

Wannan gida ne cikin 2023 ya je neman gurbi a Zimbabuwe, Holan da Sikotlan suka cinye shi, aka yi gasar duniya babu shi. Cikin Yuli 2025 kuma, a filinsu na Kingiston, Ostireliya ta kashe su duka goma a kan gudu 27. Tun da aka fara Tes sau ɗaya tak aka taɓa yin ƙasa da haka.

Ba gwaninta ce ta ƙare a tsibiran ba, gama sun ci gasar gajeren wasa cikin 2012 da 2016. Abin da ya faru shi ne abin da ke faruwa ga gandu. A da, mai gida da 'ya'yansa da ƙannensa su kan yi noma wuri ɗaya, shi kuwa ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu aure. Muddin yana iya sauke wannan nauyi, gandu yana nan. Ran da rumbunsa ya kasa, samari kuma suka ji labarin abin da a ke samu a birni, sai ka ga ana gama girbi sun tafi cin rani, daga baya ma ko damina ba su dawowa. Birnin 'yan kurket shi ne gasar attajirai ta Indiya da aka fara cikin 2008. Kuɗin nuna ta a talabijin da intanet na shekara 5, daga 2023 zuwa 2027, ya haura dala biliyan 6. Gwani ya kan samu a wata biyu abin da hukumar ƙasarsa ba ta iya ba shi a shekaru. Yanzu irin wannan gasa ta bazu, akwai a Dubai, akwai a Afirka ta Kudu, akwai a Amurka, har mutum ya iya zagaya shekara yana bin su kamar ɗan koli mai bin kasuwanni. Cikin Yuni 2025 Nicholas Pooran, ɗaya daga cikin gwanayen Wes Indis, ya ce ya daina buga wa ƙasarsa, yana da shekara 29. Masu zaginsa sun yi yawa. Amma duk wanda ya taɓa ganin saurayi ya ɗaure ƙunshinsa ya hau mota a Kwanar Ɗangora ya san ba ƙin gida ke kai shi ba.

Afirka ta Kudu ma, ɗaya daga cikin ukun da suka kafa majalisa, ta taɓa wannan wuta. Cikin Fabrairu 2024 ta tsare manyan 'yan wasanta a gida don gasar gajeren wasa mai kawo mata kuɗi, ta aika da sabbin hannu zuwa Niyuzilan buga Tes, har madugun ma bai taɓa bugawa ba. Aka cinye su duka wasa biyu. Bayan wata 16, da ta tara 'ya'yanta wuri ɗaya a ƙarƙashin Temba Bavuma, sai ga ta ta ci Ostireliya a Landan ta ɗauki kambin Tes na duniya. Tsohuwar gona da sauran ƙarfinta, in ta sami hannu.

Yanzu sai a zo ga rabon taki, gama a nan gizo ke saƙa. A tsarin da majalisa ta amince da shi cikin 2023, na shekarun 2024 zuwa 2027, ana sa ran raba wajen dala miliyan 600 ko wace shekara. Indiya ita kaɗai tana da kashi 38 da rabi cikin 100. Ingila da Ostireliya ko wace tana da tsakanin 6 da 7. Wes Indis ba ta kai 5 ba. Ƙasashen zaure su fiye da 90 suna raba wajen kashi 11 a tsakaninsu. Indiya tana da abin faɗi, ta ce mafi yawan kuɗin nan daga masu kallo na ƙasarta ya ke fitowa, gaskiya ne kuwa. Sai dai ba a kokawa da mutum ɗaya. Ɗan kallo na Mumbai yana biyan kuɗi ne don ya ga an gwabza, in abokan karawa suka rame suka lalace, me zai kalla?

Akwai kuma wata tsohuwar al'ada mai cutar talaka. In ƙasa ta kai wa wata ziyara, mai masauki shi ke kwashe kuɗin kallo. Indiya ko Ingila in ta sauki baƙi sai ta cika aljihu. Wes Indis kuwa, ko 'yan wasanta za ta tara sai ta biya jirgin sama daga tsibiri zuwa tsibiri, in ta sauki baƙon da ba shi da masu kallo da yawa hasara za ta yi. Saboda haka manya uku suka fi son su yi ta wasa a tsakaninsu, Tes biyar biyar, sauran a ba su bibbiyu. Zimbabuwe ta yi shekara 22 ba ta buga Tes a Ingila ba, daga 2003 sai 2025. A wannan zuwan ne Ingila ta yarda ta biya ta kuɗin ziyara. Abin kirki ne, amma sadaka ce ta ganin dama, ba doka ba.

In an lura, gardamar da aka ce tsakanin tsofaffi ne da sababbi, ba haka ta ke ba sosai. Tsofaffin ma kashi biyu ne, akwai masu ƙoshi su uku, akwai masu yunwa. An bar tsohon talaka da sabon yaro suna ja-in-ja a kan ƙanzon tukunya. Ranar da Holan ta ka da Wes Indis, wasu suka ce ga amfanin yaɗawa, wasu suka ce ga illarta. Ba wanda ya tsaya ya tambaya don me gurbin ya zama 10 kawai.

Ita ma yaɗawar iri biyu ce, kamar yadda saran daji ya ke iri biyu. Akwai mai sara don ya zauna, ya tumɓuke kututture, ya kawo shanu su kwana a wurin. Akwai mai sara ya banka wuta, ya ci amfanin toka shekara biyu, ya ƙara gaba. Cikin 2024 an gina filin wasa mai ɗaukar mutum 34,000 kusa da birnin Niyu Yok cikin 'yan watanni, Indiya da Pakistan suka kara a ciki, aka cika maƙil, yawancin 'yan kallo kuwa mutanen ƙasashen nan biyu ne mazauna Amurka. Ana gama gasa aka kwance shi kamar rumfar biki. Cikin Satumba 2025 majalisa ta dakatar da hukumar kurket ta Amurka saboda rikicin shugabanci. Abin dariya a nan, Amurka ita ma saura ce. Wasan farko da aka taɓa yi tsakanin ƙasa da ƙasa, tsakaninta ne da Kanada, a Niyu Yok ɗin nan, cikin 1844. Daga baya wani wasan bugu nasu na gida ya ture shi. Yau ana kashe miliyoyi don a dawo da abin da ya taɓa tsirowa da kansa.

Labarin Kenya ya fi kusa, ya fi kuma ban tausayi. Ta ci Wes Indis cikin 1996. Cikin 2003 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya, aka ce ga 'yar gida mai zuwa. Sai shugabanni suka shiga rigima, 'yan wasa suka yi ta kukan albashi, manyan ƙasashe ba su kawo mata ziyara a kai a kai ba, ba a kuma renon yaran da za su gaji gwanayen. Gwanayen suka tsufa tare. Cikin 2014 ta rasa matsayinta a wasan yini. Shekara 11 ta isa sabuwar gona ta koma daji.

Me ya raba Afganistan da Kenya? Abu ɗaya dai a bayyane ya ke. Yaran Afganistan sun ɗebo wuta ne daga murhun maƙwabta, inda wasan ya daɗe da fita daga makaranta. A lungunan Karachi da Peshawa yara kan naɗe ƙwallon tanis da salatif na masu gyaran lantarki, su sami ko wane guntun katako, su jingina akwati a maimakon turaku, wasa ya kankama. Haka yaran Barbados ke yi a bakin teku da reshen kwakwa. Wannan ita ce hanyar da fayis ya bi ya rayu a Katsina. Da ba don Pakistan ta riƙe wasanta da ƙarfi ba, da Afganistan ba ta sami inda za ta koya ba. Masu koyarwa da alƙalan wasa da masu gyaran fili da ke zuwa sababbin ƙasashe, yawancinsu daga tsofaffin gidaje su ke fitowa. Irin shuka a tsohon rumbu a ke ɗibarsa. Wanda ya bar Wes Indis ko Zimbabuwe ko Siri Lanka ta mutu don ya sami kuɗin gina rumfa a Amurka, ya cinye irinsa ne da rani.

Saboda haka abin da ya fi kama da hankali shi ne a taɓa babban rabon, a daina tsakura daga na ƙanana. A mai da kuɗin ziyara doka, yadda baƙo ba zai koma gida da bashi ba. A keɓe watanni na gandu da watanni na cin rani, yadda saurayi ba sai ya zaɓi tsakanin ƙasarsa da abincinsa ba. A kuma bar ƙofa a buɗe. A wannan gefen an ɗan motsa, gama an shirya gasar 2027 da ƙasa 14, a Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Namibiya. An kuma sa kurket cikin wasannin Olamfik na 2028 a Los Anjalas, rabonsa da shiga tun 1900 a Faris. Sai dai ƙasa 6 kawai za a ɗauka a ɓangaren maza, 6 a na mata, Wes Indis kuwa ba ta da ikon zuwa a dunƙule, gama a can ko wane tsibiri da tutarsa ya ke shiga.

A Nijeriya hukumar wasan ta ɗauki aniyar nuna shi ga yara 250,000 a ko wace shekara. Aniya ce mai kyau, wata rana ma motarsu za ta iya tsayawa a wata firamare a Kiru ko Bebeji ko Dadin Kowa, a sauke katakai na roba, yara su yi yini suna murna. Amma yawan yaran da suka taɓa katako sau ɗaya ba shi ne ma'auni ba. A koma bayan damina biyu a duba. In an tarar da malami ɗaya wanda ya iya dokokin wasan yana nan ba a canja masa wurin aiki ba, in kafintan Tudun Wada ya fara sassaƙa katakon bugu don yara suna saye, in an ga wasan a bayan gari ranar da babu makaranta, to, ya kama ƙasa. Ƙasar ma ta dace da shi, gama daga kaka har bazara fili a bushe ya ke, ruwa ba ya tsai da wasa kamar yadda ya ke yi a Ingila.

Kafin a kai ga haka akwai aikin da ya fi sauƙi. A Zariya da Kaduna da Katsina da Kano akwai dattawa da suka buga kurket a makarantun kwana tun suna samari, wasu tsofaffin malamai ne, wasu tsofaffin ma'aikata. Sun san yadda a ke daddale dandamalin jifa, sun san yadda a ke riƙe ƙwallo a murza shi ya karkace. Mafi yawansu sun haura shekara 70, ko wace shekara kuwa raguwa su ke yi. Daga Tudun Wada zuwa Zariya bai kai tafiyar rabin yini a mota ba.